Kunun Kanwa da Zuciyar 'Yata

Haihuwarta ta biyu ce, shi ya sa ba a kawo ta gida wanka ba. Ta farko a ɗakina ta yi jego, nan Tudun Wada. Ta biyu kuwa al'ada ta ce ta zauna a ɗakin mijinta, a gidansu na gado da ke Dutsen Abba, uwar mijin ta kula da ita. Ita ce 'yata ta fari, ni kuma irin matan nan ce da aka tasa da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yaba ta a gaban mutane, ko ciwon kai aka ce tana yi sai dai in tambayi wani ya tambayo mini. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ɗauka duk laifin na tsohuwar ne. Ina da kasona. Amma nata ya ninka nawa.

Uwar mijin, wadda kowa ke kira Hajiya, ta yi suna a unguwarsu wajen wankan jego. Tukunyar ƙarfe ce da ita wadda yaro zai iya ɓuya a ciki. Safe da yamma ana hura itace har ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa wa mai jego a jiki, ta fito tana tururi, a miƙa mata kunun kanwa cike da kwano. Ni ma an yi mini haka sau shida, ban ga aibinsa ba a lokacin. Sai dai na Hajiya ya wuce na kowa. Kanwarta har ɗaci take yi a harshe.

Kwana ashirin da haihuwa, da hantsi, mijin yarinyar ya kira ni a waya, ya ce in zo maza, jikinta ya rikice. Na yafa mayafi na tari keke. Na same ta a jingine da bango, ta kasa kwanciya, tana jan numfashi kamar wadda aka shaƙe. Na kama hannunta na ji shi sanyi ƙalau kamar gindin randa, ga gumi na tsattsafowa a goshinta, leɓɓanta sun yi toka-toka. Ta dube ni ba ta gane ni ba.

Hajiya na tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Sanyi ne ya shige ta. A ƙara itace, a sake mata wanka, yanzu za ta warware."

Allah ya taimaka mijin bai saurara ba. Ya sungume ta ya sa a motar maƙwabci.

A asibiti aka yi ta gudu da ita. Awon jininta ya faɗi ƙasa, fitsari ya tsaya, aka shige da ita ɗakin da ba a barin 'yan jinya su shiga, aka jona mata robobi a hannu da wuya da hanci. Sai washegari wata likita, mace, siririya mai tabarau, ta zaunar da mu a benci ta yi mana bayani da Hausa.

Ta ce, "Mama, zuciya aikinta tura jini. Tata ta gaji, ta saki kamar tsohuwar roba, har ta kasa kai jini ƙoda da ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wannan ne sanyin da kika ji a hannunta. Yakan faru da wasu mata bayan haihuwa. Kanwa kuma gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ruwan zafi yana sa zuciya gudu. An ɗora wa mai rauni kaya biyu."

Na tambaye ta ko za ta tashi. Ta ce akwai kumburi iri biyu. Ɗaya shi ne na ƙafa, wanda kowa ke gani, ruwa ne, magani na fitar da shi. Ɗayan ba a ganinsa. Irin wanda ke sa gyambo ya yi ja ya ɗauki zafi ne, amma a cikin jini da naman zuciya. Idan gaɓoɓi suka rasa jini irin haka, jiki yakan tashi da faɗa kamar an kawo masa hari, faɗan nan kuma zuciyar yake ƙara gajiyarwa. Ta ce, "Muna auna shi a jini. In yana sauka, fatanmu na ƙaruwa cewa zuciyar za ta farfaɗo. In ya ƙi sauka, sai addu'a."

Na yi sakandare, ina iya karanta takarda. Daga ranar na san layin da zan duba a sakamakon gwaji. Kowace safiya in an kawo, idona can yake fara zuwa. A kwana na huɗu fitsari ya dawo. A na shida ta ce mini, "Umma, ina jaririn?" Na juya baya na yi kamar ina gyara kwanuka don kada ta ga hawayena. Lambar kumburin ta yi ta sauka a hankali, a kwana na goma sha biyu aka sallame mu.

Ranar sallama likitar ta tara mu, ni da mijin da Hajiya, ta lissafa da yatsunta. Ba kanwa. Gishiri da dunƙule kaɗan ƙwarai. Ba wankan tafasasshen ruwa. Magani kullum, ko da ta ji sauƙi. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "To, likita, mun ji. Allah ya saka da alheri."

A bakin ƙofar asibiti na tattara ƙarfin halina na ce, "Hajiya, da an bar ta ta zo wajena ta ɗan murmure."

Ta dafa ƙirji. "Haba, 'yar'uwa! Sai ka ce ba uwa a gidanmu? Me duniya za ta ce, mun gaza da 'yar mutane? Ai 'yarmu ce."

Na ji kunya ta rufe ni. Wai ni ce zan tsaya a titi ina jayayya a kan 'yar fari. Na ce, "Haka ne, Hajiya." Yarinyar ta dube ni ta tagar mota, na sunkuyar da kai. Wannan sunkuyon ban yafe wa kaina shi ba.

Kwana tara na daure ban je ba, don kada a ce ina zarya. In na kira waya sai ta ce da sauƙi, a taƙaice, kamar akwai mai sauraro. Ranar Juma'a bayan azahar na kasa zama, na dafa faten wake ba gishiri na tafi. Tun daga zaure hancina ya gaya mini. Hayaƙin itace da warin dafaffen darbejiya. A tsakar gida ga tukunyar nan a kan murhu tana ɓararraka.

Na shiga ɗakin ba sallama. Tana zaune a bakin gado ta tokare da hannu biyu, kafaɗunta na hawa da sauka. A gabanta kwano, da sauran kunu a ciki. Na ɗanɗana da yatsa, kanwa ta gauraye mini baki. Na durƙusa na danna ƙafarta, yatsana ya nutse, na ɗaga ramin bai ciko ba.

Na ce, "Ina maganinki?"

Ta ce, "Umma, Hajiya ta karɓe wanda ke sa ni fitsari, wai yana tsotse ni, shi ya sa nono ya ƙafe. Na ce mata likita ta hana kanwa, ta ce likitar ko aure ba ta yi ba, ina ta san jego."

"Shi mijin naki fa?"

"Yana shago a Kwangila tun safe. Sai ya fita ake yi. Ta ce in na faɗa masa na haɗa ɗa da uwa."

Da na ɗaga rigarta zan sa mata wata, na ga gadon bayanta. Ruwan ya ƙona ta, wurin ya saɓule ya yi ruwa, gefensa ja wur.

Hajiya ta leƙo tana murmushi. "A'a, 'yar'uwa, saukar yaushe? Kin ga yadda ta ciko? Jiki ya fara dawowa."

Ruwan da ke neman kashe mini 'ya shi take kira ƙiba. Ban amsa gaisuwarta ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba a rayuwata. Na goya jaririn, na rataya hannun uwarsa a wuyana, muka fita a hankali muna tsayawa kowane taku biyar. Hajiya na biye da mu tana salati tana cewa a jira mai gida. Ban waiwaya ba, sai asibiti.

Likitar da ta gan mu ta cire tabarau ta murza idonta. Ruwa ya koma huhu. Da sakamakon jini ya fito, lambar da na yi kwana goma sha biyu ina kallon saukarta ta sake hawa. Likitar ta ce ƙunar bayan ta kama ƙwayoyin cuta, ta ƙara hura kumburin, ga zuciya da ba ta gama tashi ba an sake danne ta. Ta ce, "Mama, an mayar da mu baya. Ban san ko za mu samu abin da muka rasa ba."

Ni mace ce da ko kaza ake yankawa sai na shige ɗaki. Kyanwar maƙwabta ta haihu a kicin ɗina na hana a kore ta. Amma a wannan zaman asibiti na biyu na gano akwai wata mata a cikina da ban san ta ba. Ina alwala ina tsara abin da zan yi wa Hajiya. In na ga ana huda hannun 'yata ana neman jijiya, sai in ga tsohuwar a zaune cikin tukunyarta ina ƙara mata itace. In yi istigfari, in sake gani. A sujada kalmar Allah ya isa takan zo har bakin leɓena. Na san addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, shi ya sa nake jin tsoronta, kuma shi ya sa nake kwaɗayinta. Malam, mai gidana, ya ce mini, "Jahilci ne, ba mugunta ba. Ki bar wa Allah." Na ce masa ai a gabanta likita ta yi magana, da Hausa, ta ce ta ji.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa 'yar Dutsen Abba tana jinyar ƙanwarta. Wata rana muna wanke kwanuka a famfo ta tambaye ni gidan da 'yata ke aure. Da na faɗa, ta riƙe baki.

Ta ce, "Allah sarki. Ai haka ta rasa tata 'yar, shekarun baya, kafin a yi muku auren nan. Ita kaɗai ce mace a 'ya'yanta. Tana jego ta kumbura, numfashi ya gagara, kafin arba'in ta tafi. Hajiya ta ce sanyi ne, wai ba a gasa ta sosai ba. Tun daga nan ta ninka wuta, ta ninka kanwa. Ko sunan yarinyar ba a ambata a gabanta."

Wata da ta ji wannan da tausayi zai kama ta. Ni daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Na samu likitar na kwatanta mata, ban ce ko wace ce ba. Ta ce, "Allah ne masani, Mama, ban ga mai ciwon ba. Amma abin da kika faɗa ya yi kama da na 'yarki." Wannan ya ishe ni. Na naɗe maganar na ajiye. Na san ranarta na zuwa.

Da aka sake sallamarmu ban nemi izinin kowa ba. Na ce wa mai keke Tudun Wada. Mijin ya biyo mu a babur da kaya, kansa a ƙasa.

Na ba ta ɗakina. Na raba tukunya, tata daban. Miyar kuka ba kanwa ba ta da kyan gani, baƙi-baƙi take fitowa, ga lami, amma na koyi gyara ta da tafarnuwa da citta da albasa mai yawa. Wanka da ruwa mai ɗumi kawai, wanda zan iya tsoma gwiwar hannuna. Kowace safiya ta hau sikeli in duba ko ruwa ya taru, in danna ƙafa, in wanke ƙunar in sa magani. Matashi uku nake jera mata. Ranar da ta ce in cire ɗaya, na yi nafila raka'a biyu. Da farko daga gado zuwa ƙofar ɗaki tafiya ce. Daga baya ta kai bakin rijiya, ta zauna ta huta, ta dawo.

Bayan wata ɗaya da rabi muka koma ganin likita. Kumburin jinin ya sauka sosai. Aka shafa mata wani mai a ƙirji aka ɗora na'ura, na ga zuciyar 'yata a allo tana motsi, baƙi da fari. Likitar ta ce ta ɗan ƙara ƙarfi, kaɗan, ba kamar yadda ta so ba. Ta ce watanni masu zuwa su ne za su nuna, kuma zuciyar ba za ta ɗauki faɗuwa ta uku ba. Maganar wani ciki kuwa a ajiye ta tukuna.

Kwana uku da wannan, da la'asar, na ji sallama. Hajiya ce da mata biyu daga danginsu, sun sha lulluɓi, da goro a ƙullin leda. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, na kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai. Yarinyar na ɗaki, labule a sake.

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "To, Maman yara, mun zo biko ne, ko da yake ba yaji aka yi ba. Arba'in ta wuce tuni. A yi haƙuri a ba mu amaryarmu."

Na ce, "Ba ta warke ba."

Hajiya ta ce, "Ina za ta warke ana ba ta abinci kamar na mai takaba? An gaya mini ko gishiri ba kya sa mata. Dube ta ranar da kika ɗauke ta, da kumatunta. Yanzu an ce ta zama kara. Ba a ƙarasa wankan ba, sanyin na nan a jikinta. Ku 'yan boko kun mayar da likita annabi."

Matan suka yi 'yar dariya. Muryata ta fito a sanyaye, har na yi mamaki.

Na ce, "Hajiya, mata nawa kika yi wa wanka?"

"Wa zai ƙirga? Duk unguwarmu hannuna ne."

"Har da 'yarki?"

Ɗaya matar ta ce, "Subhanallahi, Maman yara."

Ban tsaya ba. Na yi makonni ina jera kalmomin nan, suka fito ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "An ce ta kumbura. An ce ta kasa kwanciya sai a jingine. Hannunta ya yi sanyi, ko ba haka ba? Kika ce a ƙara itace. Na tambayi likita, Hajiya. Ba sanyi ba ne. Zuciyarta ce ta gaza, kina ɗura mata kanwa kina zuba mata tafasasshen ruwa, tana kumbura kina cewa ta ciko. Ajali na Allah ne, amma sanadi a hannunki ya biyo. Kin binne taki, ba za ki binne tawa ba."

Na san na ƙara a kan abin da likita ta ce. Ita cewa ta yi ya yi kama. Ni na mayar da shi tabbas, da gangan, don ya shiga sosai.

Ya kuwa shiga. Na zaci za ta yi ihu ko ta zage ni, na shirya wa hakan. Sai ta buɗe baki ta rufe. Ta dubi tafin hannuwanta, ta juya su, ta sake dubawa. Ta yunƙura za ta tashi ƙafa ta ƙi, sai da matan suka kama ta. Takalminta ma a hannu ɗaya matar ta ɗauka. A zaure na ji ta ce, da wata ƙaramar murya, "Ruwan bai yi zafi sosai ba ai." Ban san wa take gaya wa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, sanyi na ji a raina, irin wanda ake ji in an sha ruwa bayan azumi. Na naɗe tabarma, na zubar da ruwan da suka rage.

Da na ɗaga labule na samu 'yata zaune da jaririn a cinya, hawaye na zuba. Ta ce, "Umma, da ba ki faɗa mata haka ba. Kullum in tana mini wankan kuka take yi. Wani lokaci da sunan waccan take kirana."

Na ce, "Sha maganinki."

Da Malam ya dawo daga masallaci ya ji, ya zaunar da ni. Sannan ya ce, "Kin kare 'yarki, wannan haƙƙinki ne. Amma kin yi shaida a kan abin da ba ki gani ba. Ki je ki nemi afuwa." Na ce masa zan je. Ban sa rana ba.

Ba wanda ya sake zuwa biko. Mijin ya zo bayan sati, ya durƙusa a gaban Malam ya ce ya samu ɗaki biyu a layin bayanmu, zai dawo da iyalinsa nan, in an yarda. Ya ce Hajiya ce da kanta ta ce ya yi hakan. Ya ce ta daina zuwa gidajen jego, ko an aiko ba ta fita, abinci ma sai an matsa mata. Yana faɗa yana satar kallona. Na ce Allah ya ba ta lafiya, kuma rabin zuciyata ne kawai ya faɗa.

A wata na bakwai aka sake ɗora mata na'urar. Likitar ta daɗe tana kallon allo, ta kira wani abokin aikinta ya duba, sannan ta juyo tana murmushi. Zuciyar ba ta koma kamar da ba, wataƙila ba za ta koma ba, amma ta yi ƙarfin da za ta riƙe ta, in an ci gaba da magani. Kumburin jinin ya kwanta. Ranar daga bakin titi 'yata ta ce kada mu hau keke, tana so ta gwada. Muka taka tun daga wajen masu kayan miya har gida, ta tsaya sau ɗaya kawai, shi ma don ta taya tumatir.

Yanzu yaron na gudu. Ran sallah uban yakan kai shi Dutsen Abba, ya dawo da alawa a aljihu da turaren tsohuwar a rigarsa. Uwarsa ma ta fara zuwa gaishe ta, ba na hanawa, sai dai in ce kada ta ci komai a can. Ni ce dai ban je ba. Sau biyu ina sa mayafi in kai bakin titi, in tuna ramin yatsana a ƙafar yarinyar nan, in juyo. Malam ya daina tuna mini. Na san akwai ranar da za a tsayar da ni da Hajiya a tambaye mu, ita a kan ruwanta, ni a kan harshena. Ina roƙon Allah ya tausasa ni kafin ɗayanmu ta riga. Har yanzu bai tausasa ni ba, kuma 'yata tana layin bayanmu, da rai, tana shan maganinta.